Keken Inna da Hoton Ƙwaƙwalwa

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, duk wanda aka yi wa hoto a asibiti, 'yan gida ke riga likita gani. A ɗaga ta taga, kowa ya leƙa ya faɗi nasa. Haka aka yi wa hoton ƙwaƙwalwar mahaifiyarmu, da ciwon kai ya matsa mata har aka zura ta cikin na'urar nan mai ƙara kamar injin markaɗe.

Yayanmu ne ya ɗaga shi, mutumin da ko allura ba ya iya kallo. Ya nuna wasu ɗige-ɗige farare, wasu dogaye kamar zare, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kun ga ramuka? Wani abu na cin ta." Ranar ganin likita kuwa da saura. Aka yanke kada a gaya mata.

Ina! Kafin ka ce me, 'yan dubiya sun cika gida, daga Daurawa, daga Unguwa Uku, kowa da ledar lemo. Kuma duk wanda zai tashi sai ya durƙusa ya ce, "Inna, a yafe mana." Har maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga-maciji ta zo da hawayenta. Inna ba yarinya ba ce, ta gane. Ba ta tambayi kowa ba, sai kawai ta fara rabon kayanta. Keken ɗinkin da ta raine mu da shi ta ba ƙanwata da ke aure a Tarauni. Ranar da aka ɗora shi a adaidaita sahu na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Ita kuma ta rage cin abinci, ta koma kwanciya tana jira.

Ni na raka ta asibitin koyarwa. Likitar 'yar kudu ce, haihuwar Kano, Hausa a bakinta rangaɗau. Ta liƙa hoton jikin allo mai fitila, ta daɗe tana dubawa. Na yi suɓul da baka na ambaci ramukan, sai ta juya wajen Inna.

"Mama, wa ya ce miki ramuka ne?"

"Ba wanda ya ce, 'yata. Gafara dai aka yi ta nema."

Likitar ta jawo kujera kusa. Ta ce kowace ƙaramar jijiyar jini da ta ratsa ƙwaƙwalwa tana da ɗan fili a kewayenta, cike da ruwa, kamar kwata a gefen titi, ta nan datti ke fita. Kowa yana da su. Shekaru da hawan jini kan sa su faɗaɗa har hoto ya kama su. Na Inna ba ƙari ba ne, ba kuma abin da ke cin ta. Hawan jinin ne abin kula, ta rage gishiri, kada ta yi wasa da magani.

Har gobe ina yi wa matar nan addu'a, don ba ta yi mana dariya ba.

Muka fito titi ni da Inna. Na tsayar da adaidaita na ce Gyaɗi-Gyaɗi. Ta dafa hannuna.

"Tarauni tukuna, malam," ta ce wa direban. "Kekena zan karɓo. Akwai ɗinkin mutane da ban gama ba."