Tulun Inna a gindin tsamiya

'Yan uwa, ku ji abin da aka tono a gonarmu ta Gafasa yau!

Masu binciken kayan tarihi ne suka zo dubawa kafin a shimfiɗa titi. Ina tsaye ni kaɗai, sai ga tulu a gindin tsamiya! Na kai hannu.

Shugabarsu ta ce, "Baba, kar ka taɓa, kayan tarihi ne!"

Na ce, "Tarihin me? Tulun marigayiya Inna ne! Ita ta binne shi don ruwa ya riƙa sanyi. Ni na ɓantare masa baki ina yaro."

Ta ce, "Akwai wanda zai shaida?"

Na waiga. Duk kun koma Kano, sauran suna maƙabarta.

Suka manna masa lamba, suka sa shi a mota.