Saje Andrawus, Mai Nemo Waɗanda Yaƙi Ya Ɓatar

Kullum kafin motar Funtuwa ta farko ta tashi, za ka ga Saje Andrawus a bakin tashar Birnin Gwari, sanye da tsohon kakinsa na yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, yana jiran masu cigiya. Masinja ne a ofishin tsofaffin sojoji. Tun da aka gama yaƙin basasa, duk wadda ɗanta ko mijinta bai dawo ba, wurinsa take zuwa. Bana zai ajiye aiki, ƙafa ta gaza. Ni direba ne, bokona bai yi nisa ba, amma abin da zan faɗa da idona na gani.

Akwai Huraira ta Randagi. Mijinta Auta ya tafi yaƙi, shiru. Ba a ce ya mutu ba balle ta yi takaba. A gari kuwa ana raɗe-raɗin gudu ya yi, har ana yi wa 'ya'yanta gori. Saje ya je Kaduna, aka duba littafin sunayen sojoji, aka ce babu wani Auta Randagi.

Shi da ya san bariki, ba da suna yake nema ba. Ya tambaye ta tsagar fuskar mijin da tabon jikinsa. Ta ce yatsansa na hagu guntu ne, lauje ya cire. Da wannan ya dinga bin sojojin da suka dawo, kasuwa-kasuwa, har wani kofur a Dogon Dawa ya ce, "Mai guntun yatsa? Ai Ladan ke nan. A gabana ya faɗi, ranar ƙetare Kwara a Anacha."

Ladan kuwa wan Auta ne, yana nan da ransa, yana noma a bakin dajin Kamuku.

Ni na kai Saje gonar. Ladan na hango kaki ya tsaya cak, gatari a hannu. Na ce mu juya. Saje ko waiwaye bai yi ba.

"Kar ka matso, Saje. Kama ni aka turo ka yi?"

"Da wace ƙafar? Sauke gatarin nan, ni ba itace ba ne."

Bai sauke ba.

"Kai ka ba da suna a soja, ko?"

"Ni ne. Inna ta ce in na tafi gandu ya mutu. Ran da mota ta zo, Auta ya amsa sunana ya hau. In hukuma ta ji, ɗauri ne."

"To, ƙaninka ya rasu a fagen fama. Matarsa na zaune, ba aure ba takaba, 'ya'yansa ana ce musu 'ya'yan matsoraci. Alƙali ba zai karɓi bakina ni kaɗai ba. Sai ka zo ka faɗa."

Ladan ya kafa gatarin a kututture, ya zo ya hau bayan motata. A gaban alƙali Ladan ya faɗi gaskiya, Saje ya tsaya kusa da shi, ya ce in ɗauri ne a fara da shi Sajen. Ba a ɗaure kowa ba.

Saje, kai ne ka shiga gonar da ni mai lafiyar ƙafa na ja da baya. Kai Kirista ne, takaba ba ta addininka ba ce, amma ba ka huta ba sai da Huraira ta samu ta yi tata. Mun gode, bijimi. Allah ya ba ka lafiya.

Ku kuma da kuka dawo da rai, kowannenku ya ga inda wani ya faɗi. Ku yi yadda ya yi, ku buɗe baki. Har yau akwai matan da in sun ji mota ta tsaya sai sun leƙo.