Mai Sansana Buhuna

A kasuwar Kura, layin masu tsofaffin buhuna, wani mutum yana tsugune yana sansana su ɗaya bayan ɗaya. Siriri ne, furfura ta fara masa, gaban rigarsa duk ya koɗe saboda rungumar bishiya. Igiya mai kauri tana rataye a kafaɗarsa, gatari na gefensa. Daga gani, cikin masu hawa darbejiya ne su sare reshen da ya sunkuyo kan rufin mutane.

Mai buhuna ya miƙa masa na taki. "Malam, wannan ya fi ƙwari."

"A'a, ɗan'uwa. Taki cin igiya yake, ba ka sani sai kana can sama. Ba ni na shinkafa."

Ya kakkaɓe buhun, ya laluba cikinsa ko da danshi. Yanzu yana naɗe igiyar a hankali, yatsunsa na bin ta kamar mai shafa kan jariri, sannan ya sa ta a buhun. Ina jin akwai wadda ba ta iya cin tuwo a gida sai ta ji sallamarsa.

Gatarin kuwa a hannu ya tafi da shi. Bai yarda ya sa shi buhu ɗaya da igiyar ba.