Fitilar Ƙofata da Ke Kamawa da Azahar

Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau an kama aljanin gidanmu na unguwar Maamobi da rana tsaka.

Ɗana Sani ya aiko daga Jamus da fitila mai kunna kanta idan duhu ya yi, aka ɗaura ta a bakin ƙofata. Kwana shida ke nan tana kamawa da Azahar da La'asar. Ni ban taɓa gani ba, matan gida ke faɗa. Maganar aljanu ta kai unguwar Kotobabi, gidan masu neman auren 'yata Rabi, har suka ɗage zuwansu. Rabi ta daina cin abinci.

Na kira Tetteh mai gyaran wuta. Ya bi waya tun daga mita, bai ga komai ba. Aka kira Azahar. Na tuɓe babbar rigata, na rataye a ƙusar da na saba, kusa da fitilar, na nufi famfo alwala.

Sai matata Hajiya ta ce, "Malam, ga ta nan ta kama!"

Tetteh ya ɗaga rigar, fitila ta mutu. Ya mayar, ta kama. Ya nuna mini wani ɗan gilashi a ƙarƙashin ƙusar. "Malam, wannan ne idonta. Ka rufe shi, sai ta ce dare ya yi."

Hajiya ta ce, "Kwana shida kana ba mu rubutu muna sha, ashe rigarka ce."

Na yi istigfari, na aika Kotobabi. Sun ce gobe bayan La'asar suna tafe, Alhamdu lillahi. Hajiya ta ɗauko guduma za ta cire ƙusar, na ce ta bari sai baƙin sun gani da idonsu.