Surutun Gunnel da Garin Magani

Gunnel Bergkvist ta riga firjin da ke lungu zuwa ɗakin bincikenmu. Aikinta dafa wani farin gari ne mai ramuka ƙanana da ido ba ya gani, a ɗura musu magani ya riƙa tsiyaya a hankali a jikin majinyaci. Amma mu surutu muka fi saninta da shi.

A nan Sweden ba a wasa da fika, zaman shan kofi da burodi mai kirfa. Gunnel takan ɗora kwalbar haɗin garin a wuta ta fito, ta tsare mu da labarin ciwon kwatangwalon mijinta har kofi ya huce. Ni kam na ƙware a ƙirƙirar uzuri.

Da ta wallafa sakamakonta, sai ta rubuta cewa a bar haɗin a wuta na ɗan lokaci. Masu bincike a Jamus suka gwada, suka sake gwadawa, ramukansu suka fito a tsuke, magani ya ƙi shiga. Suka nemi a janye takardar da ta wallafa. A aikinmu, wannan daidai yake da a kira ka maƙaryaci a bainar jama'a.

Gunnel ta yi gum. Ta daina zuwa fika, ta tsaya a kan kwalba, tana saukewa da wuri yadda ta rubuta. Nata garin ma ya lalace. Ta fara shakkar kanta, ni kuwa tausayinta ya kama ni, abin da ban taɓa zata ba.

Ran nan shugabanmu Torbjörn ya leƙa. "Gunnel, taso ki sha kofi. Shirun nan naki ya fi surutunki damuna."

"Kwalbata fa?"

"Ai ba ta da ƙafa."

Ta zauna, ta fara da Jamusawa, ta bi ta kan kwatangwalo, ta ɓulla kan surukarta. Da aka duba garin ranar, ramuka suka fito tamkar na da.

Torbjörn ya dube ta. "Ashe ɗan lokacin naki sai an kai ƙarshen kwatangwalo."

Aka auna tsawon zaman da agogo, aka gyara takardar, na Jamusawa ma ya yi kyau. Sunanta ya wanku. Mu ne muka shiga uku, don yanzu duk wanda ya yunƙura zai sulale daga fika, sai ta ce, "Zauna, haɗin bai nuna ba."