Ranar da Muka Kai Sojan Siminti Samaru

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, ina koyarwa a wata firamare a Samaru, ina zaune gidan iyayena. Baba tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, ya bar aiki yana saje. Idonsa ya fara rauni, shi ya sa duk ranar Asabar ni ke raka shi Sabon Gari sayayya.

Bayan layin masu sayar da tayoyi akwai wani ɗan lambun unguwa, dalbejiya huɗu da benci biyu. A tsakiya an kafa mutum-mutumin soja na siminti riƙe da bindiga. Gaskiya wanda ya ƙera shi bai ƙware ba, ga ƙaton kai ga gajerun ƙafafu. Mata masu kitso a inuwar wurin a bakin bindigar suke rataye zare. Amma Baba ba ya wucewa sai ya ƙame ya sara masa, ni kuma in yi kamar ba tare muke ba.

Wata Asabar muka tarar an manna takarda a jikin bishiya. Na karanta masa: kwamitin unguwa zai gyara lambun, a sa wa yara lilo, a cire sojan, za a zauna a kan maganar sati mai zuwa. Muka gama sayayya muka koma gida. Sai da Mama ta gan shi yana goge lambobin yabonsa da toka ta san akwai magana.

Ranar taron ya maƙala su a rigar zuwa coci, muka nufi lambun. Mai jagorantar zaman wani Ibo ne mai shagon tayoyi, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba bai jira an ba shi dama ba.

"Oga, me sojan nan ya tsare maka?"

"Baba Saje, sannu da zuwa. Ku zauna mana." Ya juyo wajena. "Malama, don Allah karanta wa Baba abin da ke rubuce a ƙasan."

Sau nawa na tsaya a wurin, ban taɓa sunkuyawa ba. Wani ɗan allon ƙarfe ne da Turanci, yana yabon waɗanda suka murƙushe 'yan tawaye. Na fassara, murya ƙasa-ƙasa.

Mai tayoyi ya ce, "Ina yaro muka bar garin nan a jirgin ƙasa, mu shida. Mu huɗu muka dawo. Ƙanwata ko yaye ta ba a yi ba, tawayen me ta sani? Kullum na buɗe shago bindigar nan nake fara gani. Yanzu jikata ta iya karatu, ta tambaye ni su waye 'yan tawaye."

Baba ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Ni ba rubutun nake gaisarwa ba, ban ma san da shi ba. Abokina ne ya faɗa ruwa muna ƙetare kogi, ba a ga gawarsa ba. Shi ma haka kansa yake, ƙato."

Wata mai kitso ta kasa riƙe dariya, sauran suka biye mata, har Baba. Nan aka daidaita: a ɓamɓare allon, soja kuwa kada a fasa shi, Baba zai tafi da abinsa. Ban ji lokacin da aka nemi shawarata ba.

Asabar ta gaba magina suka zo da diga da igiya. Baba ya karɓe aikin gaba ɗaya, yana ba da oda kamar a filin fareti. Mai tayoyi ya shimfiɗa tsofaffin tayoyi a bayan akori-kurarsa, aka kwantar da soja a kai, aka rufe da tamfol. Tamfol ɗin bai kai ba, takalma suka leƙo.

Muka kama hanyar Samaru a hankali saboda ramuka, Baba a gaba da lambobinsa, ni a tsakiya. 'Yan acaba suka dinga kauce mana. Wani dattijo a bakin titi ya cire hula ya ce Allah ya jiƙansa. Baba ya amsa da amin, fuskarsa ba wasa. Mai tayoyi ya yi ta cije leɓe yana danne dariya har muka iso.

Mama na tsaye a ƙofa. Ta ɗaga tamfol ta leƙa, ta dubi Baba.

"Guda ɗaya ma yaya na ƙare da shi, ka kawo mini na biyu?"

Ta hana a shiga da shi tsakar gida. Aka kai shi bayan gida kusa da akurkin kaji, Baba ya sa aka juya shi ya fuskanci gonar masara. Mai tayoyi ya ce zai koma shago, Mama ta ce ba a isa ba, tuwo na kan wuta. Ya zauna ya ci malmala biyu da miyar karkashi, suna gardama da Baba a kan wace hanya ce ta fi kusa zuwa unguwar Muchia.