Faifan da Na Yi wa Ritaya

Allon kwamfuta baƙi ƙirin, ni da Hajiya mai makaranta muna kallonsa, iyaye sun cika baranda suna jiran sakamakon 'ya'yansu.

Jiya na zo Dutsin-Ma daga Kurfi, na canza ɗaya daga cikin faifan ajiyar bayanai guda biyu na saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon. Bayanai suka kwafu tsaf, na tafi ina hura hanci. Yau aka ɗauke wuta, aka maido, inji ya ƙi tashi.

"Malam, ba kun ce komai ya koma sabon faifan ba?"

"Ya koma, Hajiya, ban da ɗan abin da ke tada injin. Ashe a tsohon kaɗai yake."

"Ina tsohon?"

"Na ba 'yan gwangwan."

Ta dube ni. "Ku da kullum kuke kukan an yi muku ritaya ba a tambayi abin da kuka sani ba?"

Da filashi mai ɗauke da abin tada inji na tada shi, na sa abin a faifai biyun duka, iyaye suka karɓi sakamako. Amsar da zan ba Hajiya ce har yanzu ban samo ba. Mai amsar ya taimaka ya rubuto min a nan ƙasa, wajen sharhi.